Mai Kududdufin

Tas! Sadiƙ ya sake marin wuyansa. Hutu ya zo yi garinsu Gude daga Abuja, amma sauro ya hana shi sakat. Ya fesa magani, ya ƙona ɓawon lemo, duk a banza.

Da safe ya faɗa zauren kawunsa mai unguwa yana susa, ko gaisuwar kirki babu.

"Kawu, a nemo mai kududdufin da ke tara mana sauron nan a hukunta shi!"

"To, mu je ka gani."

Suka tsaya bakin wani rami, ruwa kore shar, ciyawa ta cinye tulin bulo.

"Wane marar tunani ne ya haƙa wannan?"

Kawu ya kore sauro daga gemunsa. "Harsashin gidan da ka ce za ka gina ne. Tun da ka tafi, Tafkin Sadiƙ muke ce masa."