Shanun Huɗa a Gangara

Kai da kake jin nauyin sake tambaya don kada a ce ba ka gane ba, matso in ba ka misali.

An yi wani direba mai a-kori-kura, ya daɗe yana jigilar hatsi tsakanin ƙauyuka, har a tasha in mota ta yi tari shi ake kira ya saurara. Wata shekara sai ya sayi 'yar tirela, irin wadda ake maƙala wa mota a baya. Mai sayarwa ya haɗa masa da wani ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, ya ce tirelar tana da birkinta na lantarki, amma ba ya kamawa sai an ɗaura wannan a motar da ke ja. Direba ya juya akwatin, ya sake juyawa. Shi a saninsa birki mai ne da bututu, to yaushe kuma waya ta fara tsayar da taya? Ya dai kai wa mai gyaran wayar mota. Mutumin ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya ja waya ɗaya zuwa batir, ɗaya ya ɗaure a jikin ƙarfe, ɗaya ya haɗa da inda ake taka birki, ta ƙarshen ya bi da ita ta ƙarƙashin mota har baya inda tirela ke jonawa. Ya kafe akwatin daidai gwiwar direba. Suka fita gwaji, tirela wayam ba kaya. Ana taɓa birki sai tayoyinta suka ƙame, ƙiii, suna jan ƙasa, warin roba na tashi. Mai gyara ya kama wani ɗan abin murɗawa kamar na rediyo a jikin akwatin, ya yi ta ragewa har abin ya lafa. Daga nan ya shiga bayani, ya nuna abin murɗawar, ya nuna wani ɗan hannu a gefe, yana ta zuba sunaye da Turanci, ga janareta na ruri a bayansu. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta zauna a kan direba ba. Amma ga abokan sana'a jere a benci sun zuba ido. Da mai gyara ya ce, "Ka dai gane ko, maigida?" sai gogan naka ya ce, "Haba, wannan ai ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne, amma ya hana shi sakat. Maimakon ya koma inda aka ɗaura, sai ya riƙa bugun cikin mutane a tasha, a fakaice, kamar hira. Wannan ya ce in ka ƙara murɗawa batir zai shanye. Wancan ya ce wayoyi ne za su ƙone. Wani kuma, da ko ganin irinsa bai taɓa yi ba, ya rantse cewa ɗan hannun nan na sakin tirela ne, kana dannawa za ta rabu da mota ta kama gabanta. Ya zo da tambaya ɗaya, ya tashi kansa ya ƙara ɗaurewa. Sai ya yanke wa kansa cewa yadda aka bar abin haka zai bar shi.

Da damina ta kawo kai, yayansa ya roƙe shi ya ɗauko masa shanunsa na huɗa guda biyu daga rugar da suka yi rani, can kan tudu. Shanun nan su ne ƙarfin gidan, da su ake noma abin da za a ci. Aka loda su, manya, ƙosassu, aka ɗaure. Tafiya ta yi daɗi har suka iso wata doguwar gangara mai kwana a ƙasa. Ya taka birki, mota ta ji, tirela ba ta ji ba. Sai ya ji ana ingiza shi ta baya, gindin mota na rawa hagu da dama. Ikon Allah! Ga akwati, ga 'yar fitilarsa a kunne, to ina birkin? Tsoro ya kama shi sosai. Hannunsa ya tafi kan ɗan hannun nan, ya tuna rantsuwar mutumin tasha, ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Yana cikin wannan kai-kawo kwana ta iso, tirela ta naɗe ta gefe, ta kife a rami.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Sa ɗaya ya miƙe yana huci, ɗayan kuwa ƙafar gaba ta karye har ƙashi ya fito, dole aka nemo wuƙa aka yanka shi a bakin hanya. Wani direban babbar mota da ya tsaya taimako, bayan an tayar da tirela an sake jona ta, ya leƙa cikin motar. Ya ce, "Wa ya bar maka abin murɗawar nan a ƙarfin tirela marar kaya, alhali ka ɗauko shanu?" Ya murɗa ya ƙara, ya danna ɗan hannun, ya ce a tura. Ƙarti suka sa kafaɗa, suka yi nishi, tirela ko motsi, tayoyi sun kama ƙam. Ashe ɗan hannun nan birkin tirelar ne, ba na sakinta ba. Gogan naka ya tsaya yana kallon akwatin, bai kai taƙi ɗaya daga gwiwarsa ba, hawaye suka zubo masa. Daminar nan da fartanya yayansa ya yi noma, rabin gona ya kwana, don sa ɗaya ba ya ɗaukar karkiya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.