Jar Hular Kaka

Baffa Sule ne ya ƙona jar hular sojan kakanmu, a gaban idon tsohon, a tsakar gidanmu na Zongo. Wai zai tafi Makka, ya gaji da a ce masa ɗan sojan Nasara. Kaka ya yi wa Bature yaƙi ba takalmi, tun daga bakin teku har Kumasi, hular nan kaɗai ta rage masa. Yana kan buzunsa bayan la'asar, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaro, matsa, hayaƙi." Ƙaurin nan har yau yana hancina, amma ba na jin komai.

Na dubi Baffa na ce, "Baffa, filin gidan nan ma da aikin soja aka samo shi. Ƙona shi mana."