Zufar Malam Jatau

A zamanin da kowane gida ke da allon da katin hoto na kwamfuta ke rayar da kamannin mamaci a kansa, Gwaggo Kyauta ta kai nata rumfar Haladu mai gyara, domin fuskar mijinta, marigayi Malam Jatau, ta fara dusashewa.

"Zan ƙara wa katin gudu fiye da ƙa'idarsa," in ji Haladu, "amma zai ɗauki zafi, yana iya ƙonewa da Malam a ciki. Bari in ɗaura masa na'urar sanyaya, Gwaggo."

Da hantsi ta kunna allon a tsakar gida. Sai ga Malam tangaran, har furfurar gemunsa tana sheƙi, amma a takure yake, yana rawar ɗari.

"Kyauta, wa ya kawo sanyin nan?"

Ta cire na'urar sanyayar. Zufa ta tsattsafo masa a goshi, kamar lokacin da yake dawowa daga gona. Ta jawo tabarma, ta ɗauko mafici, ta shiga yi wa katin fifita.

"Yauwa," ya ce, ya lumshe ido. "Kada ki daina."

Da hannun dama ya gaji, ta mayar da maficin na hagu.