Hannun da Baba Tanimu Ya Miƙa

"Ɗaga hannun, Baba. Nan da zafi?"

"Babu, 'yata."

Gumi ya karyo wa Salamatu. Minti biyar ya rage a tashi jarrabawa, kuma a duk Yamai ɗalibi ɗaya za a tura birnin Dakar karatun gashin ƙashi a wannan shekara ta 1963. In ta faɗi, sai komawa garin Tawa wankin miki.

Ta sake matsa kafaɗar tsohon da aka ba ta ta duba a jarrabawar, ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta juya wuyan hannun. Lafiya lau. Amma takardar da malaminsu, wani likita Bafaranshe, ya rubuta da kansa cewa ta yi: kafaɗar dama, wata guda ana gashi.

"To?" in ji malamin da Faransanci, yana duban agogo.

"Mushe, hannun nan ba abin da ya same shi," ta ce wa malamin, da laƙabin Faransanci da suke kiransa da shi.

Ya girgiza kai ya ɗauki jan alƙalami. Ta juya ga tsohon, hawaye sun cika mata ido.

"Baba Tanimu, don girman Allah, ina ne ke maka ciwo?"

Da ƙyar ya zaro hannun hagu daga cikin babbar riga. Kafaɗar ta kumbura suntum.

"Wannan ne, tun da na faɗo daga jaki."

"To me ya sa wata guda kake miƙa na dama?"

"Haba 'yata! Babban mutum kamar likita ya ce in ba shi hannu, sai in miƙa masa hagu? Ba haka aka rene ni ba."

Malamin ya ɗago kai. "Me ya ce? Fassara mini."