Ƙafar Baba a Bangon Tasha

Ranar da mutanen Jibiya suka taru don zana masu sana'a a dogon bangon tashar bakin iyaka, malamai suka ce ban da fuska. Sai aka riƙa jingina mutum da bango ana bin jikinsa da gawayi. 'Yan dako suka zaɓi babana, ni kuma aka ba ni ƙafafunsa, don ni ce gajera.

Baba ya tsaya da gammonsa a ka, amma idonsa na kan hanyar Maraɗi. Sai motsi yake, gawayin na zamewa. Wandonsa na warin gumi da barkono.

Na ce, "Baba, ka tsaya mana!"

Ya ce, "Yi maza, ɗiyata. Kaya ba su jiran mai ɗauka."

Na gama ƙafar dama ke nan, sai ga babbar mota ta tsallako. Ya ruga, ya bar ni ina kuka da gawayi a hannu.

Haka aka shafa wa zanen fenti. Allah ya jiƙansa, har yau yana bangon da ƙafa guda. Ɗayar ban taɓa samunta a tsaye ba.