Waƙar da Clarrie Ya Rubuta Jiya

Karo na huɗu ke nan Clarrie Dunphy yana cire saksofon, ƙahon busarsa, daga bakinsa ya tsayar da kiɗan a ɗakin ɗaukar sauti.

"Vince, jana'iza ka zo ko aiki? Sai jan ƙafa kake!"

Vince mai ganga ya share goshi. Shekara arba'in yana zaune bayan Clarrie a gidajen kiɗan Melbourne, faɗan ya zame masa jiki. "To, tsoho. Ƙirga mana mu tafi."

Clarrie ɗan tsohon yayi ne. A wurinsa kiɗan jazz a ɗaki ɗaya ake yinsa, mutum huɗu suna kallon juna, a ɗauka a tashi guda. In ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Ba ya yarda da faci. Waƙoƙi bakwai na faifan sun kammala, saura ta takwas, kuma ita ce ta tsaya masa a rai.

Sunan waƙar "Nerida", sunan 'yarsa tilo. Tana rarrafe ya tafi yawon kiɗa, ya dawo ya tarar da budurwa wadda ta ce kada ya ƙara kiranta. Bakinsa bai iya ban haƙuri ba, busa kaɗai ya iya. Don haka ya ƙudura in faifan ya fito zai aika mata, ko za a dace ta saurara.

"Jiya na rubuta ta, shi ya sa kuke lalube," ya ce. Ya harari mai fiyano. "Kai kuma ka buɗe takardar mana!"

Mai fiyano ya buɗe takardar, gefenta duk ya yi laushi. Bai ko kalle ta ba.

Mai ɗaukar sautin ta fito daga bayan gilashi da kofin shayi, mace mai furfura jefi-jefi, ba ta da yawan magana. Clarrie ya kurɓa. Sukari biyu, madara kaɗan, daidai yadda yake so.

"'Yan mata, me ma kika ce sunanki?"

"Sha kafin ya huce, Mista Dunphy."

Ya ajiye kofin yana kallon yatsunsa. Kwanan nan sun fara yi masa gardama, kuma tsoro yake ji ƙwarai. In bai samu waƙar nan yau ba, ba ya jin zai sake samunta.

Suka jira taragon cikin gari ya wuce a titi, tagogi suka daina rawa. Jar fitilar alamar ɗauka ta kama. Clarrie ya ƙirga huɗu.

Wannan karon bai tsayar da kowa ba. Ya rufe ido ya busa a hankali, numfashinsa na fita tare da sautin, kamar mai lallashin yaro. Duk abin da ya kasa faɗa da baki ya fito. Da suka kai ƙarshe babu wanda ya motsa sai da amon farantin ƙarfen gangar Vince ya mutu.

"Kin ɗauka?" Clarrie ya tambayi mai ɗaukar sautin.

"Na ɗauka."

"Kina ganin za ta saurara?"

"Za ta saurara."

"Ba ki san ta ba ne. Taurin kai gare ta, irin nawa."

Vince ya rufe masa akwatin saksofon, ya kama hannunsa zuwa mota. A bakin ƙofa Vince ya waiwayo gare ta ya yi ƙasa da murya. "Talata mai zuwa?"

Ta gyaɗa kai.

Da ɗakin ya zama ita kaɗai, ta kashe jar fitilar, wadda dama babu abin da take ɗauka. Ta je bango ta juyo da hoton da take kifewa duk ranar Talata: bangon faifan, waƙoƙi takwas cif, shekara tara da fitowa. Ciwon mantuwa ya share wa Clarrie wannan, ya share masa har fuskarta. Sannan Nerida ta ɗauki kofin babanta ta tafi wankewa.