Abin da Zinatu Ta Koya a Gida

Tun da aka rufe makarantu aka mayar da karatun yara hannun iyaye, doka ɗaya ce ta rage: duk ƙarshen damina, kowane yaro zai fito dandalin unguwa ya nuna abin da ya koya a gida.

Tanimu ya rako 'yarsa Zinatu, yana tafe yana kallon allon wayar da aka dasa masa a tafin hannu, irin na kowane babba.

Ɗan maƙwabcinsu ya yi wa mangwaro aure, ya haɗa reshen wani a jikin wani. Wata yarinya ta tufka igiyar rama.

Mai unguwa ya ce, "Zinatu, me babanki ya koya miki?"

Ta zauna, ta buɗe tafinta da babu komai a ciki, ta zuba masa ido. "Ranka ya daɗe, yi mini magana."

"To, kin ci abinci?"

Ba ta ɗago ba. "Uhm, ina ji. Bari in gama wannan tukuna."

Muryar Tanimu ce sak. Babu wanda ya yi dariya.

Sai ta juyo da murna. "Baba, na iya?"

Tanimu ya cusa hannu cikin aljihu. Allon yana ta haske ta cikin yadin.